Cikin Delu na Biyar

A Garin Na'Allah, wani ƙauye da ke arewa da Cadawa, in ana daka a gidan biki aka ji taɓarya ta tashi sama, aka ji tafi biyu kafin ta dawo cikin turmi, ba sai an leƙa ba, an san Delu ce. Doguwa ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa da wushirya. A wani gari kusa da Gazawa aka haife ta. Ita ce ta fari a ɗakin uwarta, kuma ita ta goyi ƙannenta shida ɗaya bayan ɗaya, har majanyi ya yi mata kanta a ƙirji. Shekara uku ta yi a lakol, wato makarantar boko, aka cire ta saboda aikin gida. Abin da ya rage mata na karatu shi ne rubuta sunanta da gane lambobin salula.

Tana da shekara ashirin ta auri Rabo, kuma ita ta so shi. A kasuwar Cadawa suka san juna, tana sayar da ƙuli-ƙuli, shi kuma kowane mako sai ya zo ya saya alhali haƙorinsa na ciwo. Rabo mutum ne marar yawan magana, manomin hatsi da wake da gujiya. Kamar yawancin mazan garin, da an gama girbi an cika rumbu sai ya tafi bida, wato ci-rani, a Agadas, inda yake buga bulo, ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Wata bakwai Delu tana zaune da surukarta, wata biyar tana da miji. Haka kowace mace a garin take, ba wanda ya taɓa ganin wani abu a cikin hakan.

A damina ta biyu da aurenta ta yi ɓatan wata. Murna ta hana ta zama. Ranar kasuwa ta sayo bahon roba shuɗi da 'yar hular saƙa, ta ɗoro bahon a ka, ta ratso gari da shi tana gaishe da kowa. Duk wanda ya gan ta ya gane. Da hatsi ya fitar da kai, yara suka fara gasa tumu, sai masassara ta kama ta. Kwana uku tana rawar sanyi tana shan dafaffen ganyen bedi, wato dogon yaro. A rana ta huɗu tana bakin rijiya bayanta ya riƙe, kafin la'asar cikin ya zube.

Surukarta Iya Kadi ce ta yi jinyarta. Gajeruwar tsohuwa ce mai taushin hannu, wadda ta yi ciki goma sha ɗaya ta raini huɗu. Ta gasa mata jiki da ruwan zafi, ta dama mata kunu, sai da ta ga ƙarfinta ya fara dawowa sannan ta zauna a bakin gado.

"Ɗiyata, ba faɗa zan yi miki ba, amma kin yi wauta. Wa ya ce miki ana sayen baho ciki bai fito ba? Ido nawa ya bi ki daga kasuwa zuwa ƙofar gidan nan? Baki nawa ya ce, ah, Delu ta samu? Ba kowane baki ke da albarka ba."

"Inna, murna ce."

"Murnar ciki a zuci ake yin ta. In Allah ya sake kawowa, daga ke sai ni. Ko Rabo kada ki buɗe baki ki faɗa masa, namiji ba ya riƙe magana a majalisa. Sai cikin ya yi ƙwari ya faɗi kansa da kansa."

Ta koya mata yadda ake yi. Matan Garin Na'Allah sun iya karanta ciki fiye da yadda malamin lakol ya iya karanta takarda. Suna lura da wadda ta fara tofar da yawu, da wadda ta kauda kai daga warin daddawa, da wadda ta ɗaga ɗaurin zane, da wadda ta ba wata igiyar guga ta ce ta gaji. Saboda haka mai son ɓoye ciki dole ta haɗiye yawunta, ta ci abin da ranta ba ya so a gaban mutane, ta ja ruwa kamar kullum, ta yi daka kamar kullum. Kuma ba ta zuwa awo. Likitar da garin ke zuwa, wato ɗan asibitinsu, tana wani gari mai nisan tafiyar awa ɗaya da rabi a amalanke, kuma ranar Talata ake awon ciki, a kan benci biyu da ke waje inda kowa ke gani. Wadda ta zauna a bencin nan da safe, kafin azahar labarinta ya riga ta gida. Ko sabon sangen sauro da ake ba mai ciki a awon farko, in ta shanya shi a igiya an gama ganewa.

Delu ta riƙe wannan karatu da hannu biyu, ta kuma iya shi fiye da wadda ta koya mata.

Ciki na biyu ya zo bayan shekara ɗaya. Ba wanda ya sani sai Iya Kadi, amma duk da haka ya zube, wata uku da 'yan kwanaki, bayan ta kwanta masassara. Tun da ba baki ba ne wannan karon, sai aka duba wani wuri. Aka ce tsamiyar da ke kan hanyar rijiya ce, akwai masu ita, kuma ba su son mai ciki ta ratsa inuwarsu da tsakar rana. Daga ranar Delu ta sake hanya. Takan zagaya ta bayan maƙera da tulu a ka, tafiyar ta ninka, in an tambaye ta ta ce ƙaya ta yi yawa a waccan.

Na uku, wata mai magani da aka kai ta wurinta a wajen Agiye ta dubi tafin hannunta ta ce zaƙi ne ya yi mata yawa. Delu ta bar sukari, ta bar rake da dabino, ta bar ko mangwaro. Aka haɗo mata sassaƙe-sassaƙe masu ɗaci da take jiƙawa a tukunya bayan ɗaki. Ta sha har harshenta ya daina jin ɗanɗanon gishiri. Shi ma ya tafi ana roron wake.

Bayan wannan Rabo ya yi shekara biyu bai zo gida ba, aiki ya riƙe shi can arewa. A cikin shekarun nan uwar Delu ta rasu ba ta ga jika daga wurinta ba. Da ya dawo aka samu na huɗu. Wannan ko dalili ba a nema masa ba. Iya Kadi ta haƙa rami a bayan ɗaki kusa da na sauran, ta rufe, ta wanke hannu, ta ce Allah ya sa mai ceto ne. Da maraice Delu ta fito ta tuƙa tuwo, don kada a tambayi abin da ya kwantar da ita.

A duk shekarun nan ba a yi suna a garin ba tare da Delu ba. Ita ke kan babbar tukunya, ita ke riƙe jariri in uwar za ta yi wanka. Yara suna ce mata Inna Delu, suna bin ta don ƙuli-ƙuli. In ta karɓi ɗan wata takan sunsuni tsakiyar kansa ta daɗe, har sai uwar ta miƙo hannu. Ba ta taɓa yin kuka a gaban kowa ba. Facalarta Hadiza, matar Ɗahiru wan Rabo, wadda ɗakinsu ke kallon juna, ta taɓa cewa Delu dutse ce. Hadiza mace ce mai baki da dariya, ba ta ɓoye komai, da ta yi ɓatan wata biyu take hawa amalanke ta tafi awo, Iya Kadi ta yi faɗan har ta gaji. Ɗiya shida ta haifa, biyar na raye. Iya Kadi takan ce ita wannan jininta mai ɗaci ne, baki ba ya kama ta, kada Delu ta gwada kanta da ita.

Shekarar da Delu ta cika talatin da ɗaya ruwa ya sauka da wuri, Rabo ma ya dawo da wuri. Ta yi ɓatan wata, ta shiga ɗakin Iya Kadi ta tsuguna, ba ta ce komai ba. Tsohuwar ta dube ta, ta jawo wata laya daga ƙarƙashin tabarma ta ɗaura mata a ƙugu.

Wata uku ya wuce. Na huɗu ya wuce, abin da bai taɓa faruwa ba. Wata rana tana tsugune tana tsince gujiya ta ji wani abu ya motsa a ƙasan cibiyarta, kamar fara a cikin rufaffen hannu. Ta tsaya cak da ƙwarya a cinya. Ya sake. Sau huɗu ta yi ciki ba ta taɓa jin wannan ba. Ta sa gefen hijabinta a baki ta cije, don Hadiza na nan kusa tana yi wa ɗiyarta kitso.

"Inna, ya motsa," ta faɗa wa Iya Kadi da suka kaɗaita. "In tafi awo yanzu?"

"Ki bari ya shiga wata shida. Mun kusa, ɗiyata. Kada mu ɓata abin da muka daɗe muna tsaro."

Ana cikin girbin hatsi, tabkunan bayan gari sun cika sun yi kore, sauro kuwa ko da rana cizo yake. Sangen ɗakin Delu ya tsufa, ramukansa sun fi ɗinkinsa yawa. Ranar Asabar ta tashi da ciwon kai. Ranar Lahadi sanyi ya shiga ƙashinta. Ta san wannan sanyin, ta san abin da ya biyo bayansa sau huɗu, amma ba ta taɓa haɗa su a ranta ba, domin a wannan lokaci na shekara rabin gari ne ke kwance. Ta yi tunanin zuwa likita don masassarar kawai. Sai ta tuna majo, babban ma'aikacin wurin, yana tambayar kowace mace ko akwai ciki kafin ya rubuta magani, in ta ce akwai ya tura ta ƙofar sajfam, wato ungozomar likita, inda bencin nan yake. Ƙarya kuma ba za ta iya yi a kan abin da ke motsi a jikinta ba, tana tsoron kada ta ce babu Allah ya amsa. Sai ta je wurin mai tebur ta sayo ƙwayoyi ja da rawaya. In ta sha zafin ya sauka da safe, la'asar na yi ya dawo ya fi na jiya.

Ranar Talata ana dakan sunan gidan Musbahu, maƙwabcinsu. Rabo yana gonar daji tun asuba. Delu ta so ta kwanta, amma sunan da Delu ba ta je ba kowa zai tambaya. Ta wanke fuska, ta shafa kwalli don ya rufe jan idonta, ta tafi. Turmi huɗu aka jera a inuwar bedi. Ta ɗauki taɓarya tana daka a hankali, ƙasa na jujjuya mata.

"Ke Delu," in ji Hadiza daga turmin da ke kusa, "yau taɓaryar taki azumi take? Mun zo jin kiɗa kin ba mu dakan tsofaffi."

Mata suka yi dariya. Wata daga bayansu ta ce, "Ku bar ta, ko dai an samu ne?"

Wasa take yi, ba ta nufin komai. Amma Delu ta ji maganar kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta ga ido ya fara juyowa wajen cikinta. Sai ta yi dariya ita ma, ta gyara tsayuwa, ta cilla taɓarya sama ta tafa biyu ta cafe. Ta sake, ta tafa uku. Aka rangaɗa guɗa. Ta yi ta yi har gumi ya jiƙa mata baya, har wadda ta yi maganar ta ce, "A'a, na janye, wannan ba mai ciki ba ce, doki ce."

Da ta ajiye taɓarya ta ji ɗumi yana bin cinyarta. Ta zagaya bayan zana ta duba. Jini ne, ba mai yawa ba. Ta dafa zanar, ta zame ta zauna a ƙasa.

A nan Hadiza ta same ta. Ta taɓa goshinta ta janye hannu.

"Innalillahi! Kin fi murhu zafi. Tun yaushe?" Sai idonta ya kai kan zanen. "Delu, mi ne ne wannan?"

Delu ta buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Shekara goma tana horar da harshenta kada ya faɗi wannan kalma.

"Ciki ne," ta ce daga ƙarshe. "Wata biyar. Yana motsi, Hadiza. Jiya ma ya motsa."

"Wata biyar? Muna gida ɗaya? Ina kallonki kina jan ruwa, yanzun nan na sa ki lugude da bakina?" Hadiza ta dafe kai. "Wayyo ni. Tashi. Ɗahiru! Ku kira mini Ɗahiru ya ɗaura wa sa amalanke!"

Da suka shigo gida Iya Kadi ta riga ta zuba garwashi a kasko za ta sa turare. Ta ce a kwantar da ita a ɗaga ƙafafunta, a rufe ƙofa, za ta aika wurin malam a yi rubutu.

"In aka fita da ita a amalanke da rana tsaka, gari duka ya sani. Yau Talata, matan garin nan na can wurin awo."

"Inna, jini take zubarwa!" in ji Hadiza.

"Na gani. Na fi ki sanin jini."

Delu na jingine da bango. Ba ta taɓa musa wa tsohuwar nan ba tun ranar da aka kawo ta gidan.

"Inna, su sani," ta ce. "Sau uku ba wanda ya sani, kuma suna nan bayan ɗaki. Ku kai ni."

Iya Kadi ta tsaya da kasko a hannu. Can ta ajiye shi, ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafinta da tsofaffin zannuwa.

Suka ratsa gari, mutane na fitowa ƙofar gida suna kallo. Delu na kwance a kan tabarma, kanta a cinyar Hadiza, hannunta a ƙasan cibiya. Ba ta ga kowa ba. Jira take ya motsa. Ɗahiru na tsikarar san, amalanke na faɗawa ramukan da ruwa ya ci, ita kuwa tana cewa a ranta, motsa, motsa sau ɗaya in ji. Wajen rabin hanya ta ji wani abu, amma ba ta iya rarrabe ko shi ne ko ciwon da ya fara ɗaure mata mara ba.

Sauran mata uku a bencin awo lokacin da suka isa, biyu 'yan Garin Na'Allah. Sajfam, wata mai tabarau da ake kira Madam Fauziyya, ta fito ta ga zanen, ta ce a shigo da ita maza. Ta soki yatsanta ta ɗiga jinin a ɗan farin abin gwaji, ta ja fatar idonta ƙasa ta duba, ta yi tsaki a hankali.

"Ina karnenki, katin awo?"

"Ba ni da shi."

"Ciki na nawa?"

"Na biyar."

"Yara nawa?"

Hadiza ta ce, "Babu, Madam. Duk ɓari."

Madam Fauziyya ta ajiye alƙalami. "Sauran huɗun, a wane wata suka zube?"

Delu ba ta riƙe watannin nasara ba, da gona take ƙirga. Na fari ana gasa tumu. Na biyu hatsi ya fara nuna. Na uku ana roron wake. Na huɗu ana tumu.

"Duk da masassara?"

"Duk da ita. Amma ai lokacin kowa na yi."

"Mijinki ɗan bida ne? Farkon damina yake dawowa?"

"E."

Madam ta ɗaga abin gwajin, layi biyu sun fito. "Palu ne, masassarar cizon sauro, kuma ya yi ƙarfi. Kin gani, baiwar Allah, mijinki na dawowa da ruwan fari, ki ɗauki ciki, cikin na kai wata uku ko huɗu daidai lokacin da sauro ya fi yawa. Masassarar da za ta kwantar da wata kwana uku ta tashi, mai ciki tana iya raba ta da cikin. Ga jininki ya yi ƙasa ƙwarai, idonki fari fat. Mi kika sha?"

Delu ta faɗa mata, da ƙwayoyin mai tebur da jiƙon da take sha tun ciki na uku.

"Ki bar su. Ni kaina ban san abin da ke cikinsu ba, mai sayarwar ma bai sani ba."

Aka ɗaura mata ƙarin ruwa, aka yi mata allura. Madam ta duba ta, ta daɗe, da ta ɗago ba ta yi murmushi ba. Ta ce zuciyar ɗan na bugawa, amma bakin mahaifa ya fara buɗewa. Za su yi abin da za su iya.

Delu ta kama hannun rigarta. "Madam, daka na yi yau. Na cilla taɓarya. Ni na jawo?"

"Ba dakan ba ne. Matan da ke zuwa nan duk daka suke har ranar haihuwa. Abin ya fara tun kwanakin da kike rawar sanyi."

"To ki riƙe mini shi. Don Allah. Ko wata biyu ne ki riƙe shi, zan kwanta a nan, ba zan motsa ba. Ban taɓa kaiwa nan ba, Madam."

"Ki kwanta dai. Ki yi ta addu'a."

Ta kwanta. Ba ta juya ba, ba ta yarda ta yi tari ba, ko ruwa sai Hadiza ta ɗiga mata a baki. Rabo ya iso da ƙaiƙayin hatsi a gashin kansa, ya zauna a waje gindin bishiya inda maza ke zama. Masassarar ta sauka a rana ta biyu, har Iya Kadi ta ce alhamdu lillahi. Amma ciwon mara bai sauka ba. Ranar Alhamis da hantsi naƙuda ta zo sosai, kuma ba abin da ya tsayar da ita. Namiji ne, tsawonsa bai wuce tafin hannu da yatsu ba, komai nasa ya fito, har farce. Iya Kadi ta naɗe shi a farin ƙyalle ta miƙa wa Rabo da Ɗahiru, suka tafi da shi maƙabartar garin.

Kafin a sallame ta Madam Fauziyya ta zo ta zauna kusa da ita. Delu na kallon bango.

"Da na zo tun farko, da ya tsaya?"

"Ba zan rantse miki ba. Akwai cikin da tun ranar da aka ɗauke shi bai haɗu daidai ba, ko a gadon likita mace take kwana sai ya fita, kuma ba laifin kowa ba ne. Akwai wadda hawan jini ko ciwon sukari ke yi wa haka, akwai wadda bakin mahaifarta ne ba ya riƙewa. Sau biyar ba wasa ba ne, zan rubuta miki takarda ki je Agiye a bincika duka wannan. Amma palu da ƙarancin jini, waɗannan na gan su da idona, kuma su muna da abin yi a kansu. Da kin zo, da kin samu sange, da maganin ƙarin jini, da ƙwayoyin kariya da ake sha a gabana daga wata na huɗu. Masassarar ranar Asabar kuma da ranar Asabar za a kashe ta."

"Shekara nawa suka rage mini?"

"Kina da sauran lokaci, amma ba kamar na da ba, in shekaru suka ja ɓari na ƙara yawa. Ki huta tukuna jininki ya dawo. In kin ga ɓatan wata ɗaya, ki zo. Ɗaya, ba shida ba."

Iya Kadi na zaune a ƙasa kusa da ƙofa, an ɗauka barci take. Sai ta ce, "Yarinya, masassarar nan, tun zamanin da tana yin haka?"

"Tun zamanin da, Inna."

Tsohuwar ta buɗe hannunta ta lanƙwasa yatsa ɗaya, biyu, uku, huɗu, tana motsa baki, tana ƙirga nata da suka tafi da masassara. Sannan ta dunƙule hannun ta sa a ƙarƙashin mayafi.

Rabo ne ya ja amalanke a komawa. Iya Kadi da Hadiza suka ce za su taka, ƙafafunsu sun sage, suka bar shi da Delu suka yi gaba. Gonaki duk an sare, dammuna a tsaye gefen hanya. Suka yi nisa.

"Malam," in ji Delu, "kun sa masa suna?"

"Liman ya ce tun da ya kai haka a sa. Abdulƙarim na ce."

Ta maimaita sunan a hankali. Shekara goma sha ɗaya da aure, wannan ce rana ta farko da ta yi maganar ciki da mijinta.

"Ka san ina da shi?"

Rabo bai juyo ba. "Na sani. Tun da kika daina cin kwaɗon tafasa in ba kowa a wurin. Na huɗu ma na sani, da na uku." Ya gyara igiyar san a hannunsa. "Ranar Lahadi na ji jikinki da zafi. Na je ƙofar Inna zan yi magana, na tuna ta ce maganar mata ce, in na furta ni zan jawo. Sai na ɗauki magirbi na tafi gona."

Delu ta dubi bayan wuyansa, inda rana ta ƙona. Ta so ta yi ihu, ba ta da ƙarfin yi. Hawayen da ba ta taɓa bari kowa ya gani ba suka zubo, ba ta share su ba.

"Ban san ko za a sake ba ni ba," ta ce. "Amma in an ba ni, ka ji jikina da zafi, kada ka tambayi Inna, kada ka tambaye ni. Ko na ce maka lafiya lau nake, ko na rantse, ka ɗaura sa."

Rabo ya tsayar da amalanken a tsakiyar hanya. Ya sauko ya tsaya riƙe da ƙahon san, kansa a sunkuye, kafaɗunsa na rawa. Delu ta jira shi. Can baya su Iya Kadi sun hango an tsaya, su ma suka tsaya inda suke.